Murya a Cikin Hular Kwano: Bitar Fim ɗin Senna

Wurin da ya fi ratsa jiki a fim ɗin Senna wuri ne da ba a ganin fuskar kowa. Ranar 24 ga Maris 1991 ce, a filin tseren Interlagos da ke São Paulo, garin da aka haifi Ayrton Senna. Sau bakwai yana shiga gasar ƙasarsa ta Birazil bai taɓa ci ba, wannan ce ta takwas. Yana kan gaba, sai giyar motarsa ta McLaren ta fara ba shi matsala. Ta huɗu ta fara tafiya, ta uku da ta biyar suka bi bayanta, har ya zama a zagayen ƙarshe-ƙarshe ba abin da ya rage masa sai giya ta shida. Da ita yake shan kowace kwana, injin yana neman mutuwa, motar tana tura shi gaba yana danne ta da birki. Ga yayyafi ya sauko, ga Riccardo Patrese a cikin Williams yana cinye tazarar da ke tsakaninsu. Senna ya tsallake layi da ratar da ba ta cika daƙiƙa uku ba.

Sai ihu ya ɓarke. Ihu ne na mutumin da murna da azaba suka haɗu masa a maƙogwaro, ya fito ta ɗan makirfon da ke gaban leɓensa a cikin hular kwano, ya bi waya zuwa rediyon mota, ya faɗa kunnen mutanensa a gareji, daga nan ya faɗa kunnen duniya. Abin da ido ke gani kawai mota ce da hula rawaya. Daga baya ne muke ganin kafaɗunsa sun sandare, sai da aka ciro shi daga motar, yana roƙon mahaifinsa ya taɓa shi a hankali, yana kokawa da kofi kafin ya iya ɗaga shi sama. Duk waɗannan hotuna suna da ƙarfi, amma ihun ya riga ya gama aikin. A ganina nan ne asirin fim ɗin yake: an gina shi a kan muryar da ke fitowa daga kan da aka rufe.

Asif Kapadia, ɗan Birtaniya, shi ya ba da umarni, Manish Pandey ya rubuta, James Gay-Rees da kamfanin Working Title suka shirya. An fara nuna shi a Japan a watan Oktoban 2010, ya ci kyautar 'yan kallo a bikin Sundance na 2011, sannan a 2012 ya ɗauki kyautar BAFTA biyu, ta fim ɗin tarihin gaskiya da ta tace hoto, wadda Gregers Sall da Chris King suka karɓa. Tsawonsa minti 106. Iyalan Senna sun yarda, Bernie Ecclestone mai riƙe da harkar Formula 1 a lokacin kuma ya buɗe musu ma'ajiyar kaset ɗin Formula 1, suka tarar da abubuwan da jama'a ba su taɓa gani ba. Da wannan dukiya a hannu Kapadia ya yanke wata shawara da ta saɓa wa al'adar irin waɗannan finafinai. An saba a zaunar da dattijo a kujera, a haska masa fitila, ya yi ta ba da labarin abin da ya faru shekara ashirin da suka wuce. Shi kuwa ya yi hira da mutanen, ya ɗauki muryoyinsu, ya ajiye fuskokinsu. Ron Dennis shugaban McLaren na lokacin, Alain Prost babban abokin hamayyar Senna, likita Sid Watkins, Viviane yayar Senna, 'yan jarida irin su Reginaldo Leme da John Bisignano da Richard Williams, duk muna jin su a kunne alhali idonmu yana kan hoton wancan zamani. Babu kuma mai ba da labari da zai ja mu da hannu.

Mu da muka tashi da rediyo a gefen matashi mun san yadda murya ke shiga zuciya idan babu fuskar da za ta raba maka hankali. Kana jin inda numfashi ya tsaya, kana jin inda mai magana ya haɗiye wani abu. Kapadia ya ci moriyar wannan. Da an nuna mana Prost da furfura yana zaune lafiya a falo, da mun tuna cewa komai ya wuce, an san ƙarshen labari. Da yake ba a nuna shi ba, shekarar 1989 tana nan ɗanya, kuma mai kallo yana zaune ne a matsayin direba: ido a kan hanya, wani yana yi masa magana a kunne. Ban san wani fim na wasanni da siffarsa ta dace da abin da yake bayarwa kamar haka ba. Kiɗan Antonio Pinto ma ya san lokacin da zai ja da baya ya bar injin ya yi kukansa.

Hular kanta ita ce fuskar Senna a wajen miliyoyin mutane. Rawaya ce, da zane kore da zane shuɗi, launukan tutar Birazil, aikin mai fenti Sid Mosca tun zamanin da Senna yake tseren ƙananan motocin kat. Ya sauya ƙungiya daga Toleman zuwa Lotus zuwa McLaren zuwa Williams, kayan jikinsa suka sauya launi, kamfanonin da ke ƙera masa hular ma suka sauya, amma zanen yana nan. Kapadia ya san darajar wannan. Sau da yawa yakan tsaya a kan 'yar tagar gilashin nan, inda ba abin da ya fito sai idanu biyu da ƙyallen da ba ya cin wuta da ya zagaye su, ya bar mu muna kallo fiye da yadda talabijin ta saba bari. Idanun 1984, ranar da ya taso da motar Toleman cikin ruwan sama a Monako yana neman cim ma Prost aka tsayar da gasar a zagaye na 31, idanun mai yunwa ne. Idanun 1994 daban suke, kuma ba sai wani ya fassara maka su ba.

Monako ta 1988 ce ta fi nuna abin da murya a kunne ke iya yi wa direba. A gwajin neman gurbi Senna ya ba Prost ratar daƙiƙa 1.4, a mota iri ɗaya, abin da a wannan sana'a ya yi kama da almara. Shi da kansa ya bayyana cewa ya kai wani matsayi da ya ji kamar ba da saninsa yake tuƙi ba, har abin ya ba shi tsoro. Ranar gasa ya yi fintinkau, ya ba da tazarar kusan daƙiƙa hamsin. Sai Ron Dennis ya kira shi ta rediyo ya ce ya sassauta, nasara ta riga ta zo hannu. Shawarar daidai ce, kowane shugaban ƙungiya ita zai bayar. Senna ya sassauta, hankalinsa ya rabu, a zagaye na 67 ya daki shingen ƙarfe a kwanar Portier. Ya fito daga motar ya taka da ƙafa zuwa gidansa da ke kusa, ƙungiyarsa ta yi ta nemansa. Prost ya ci gasar.

Fim ɗin ya ɗauki wannan a matsayin mafarin kusancin Senna da Ubangiji, kuma haka shi ma ya faɗa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne cewa rediyon da aka sa don ya taimake shi, shi ya tsinka masa zaren da yake riƙe da shi. Direba a tsakiyar kwana ba shi da sararin sauraron kowa, shi ya sa injiniyoyin da suka ƙware suke jira sai mota ta fito miƙaƙƙiyar hanya kafin su buɗe baki, kuma su taƙaita. Formula 1 ta sha fama da wannan tambaya. A 2016 an taƙaita abin da injiniya zai iya gaya wa direba, har aka ci Nico Rosberg tarar daƙiƙa goma a Silverstone saboda an koya masa yadda zai lallaɓa giyarsa, kafin a janye dokar cikin 'yan makonni. Shirin Drive to Survive na Netflix, wanda ya fara a 2019, rabin armashinsa daga irin waɗannan maganganu na rediyo yake. Kapadia ya riga su gane cewa a nan ne ake jin mutum ba tare da kwalliya ba. Sai dai ya kamata mai kallo ya sani cewa hoton cikin mota da aka ɗora a kan Monako ta 1988 daga wata shekara ta gaba aka aro shi. Ya yi kyau matuƙa, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, amma fim ɗin da ya jingina da gaskiyar kaset bai kamata ya yi wannan aro a ɓoye ba.

Tunda maganar ta kawo nan, bari in ɗan fita daga fim ɗin, domin wanda ya kalle shi zai so sanin yadda abin yake aiki. A motar tsere irin ta Senna, makirfon yana ɓoye ne a cikin soson haɓar hula, direba yana cusa 'yan lasifika a ramin kunne, waɗanda ake zubawa daidai da siffar kunnensa don su toshe ƙarar injin, sannan akwai maɓalli a sitiyari da yake dannawa in zai yi magana. A tseren rali kuwa, inda mutum biyu ke cikin mota, ɗaya yana karanta wa ɗaya kwanonin da ke gaba, magana ba ta yankewa, don haka hulunan da kamfanoni irin su Stilo na Italiya da Bell suke ƙerawa suna zuwa da murfin kunne da makirfo a jikinsu tun daga masana'anta.       Hula dai aikinta na asali rufe kai ne, buɗe hanyar murya ƙari ne, kuma duk gwanintar maƙeri tana wajen yin na biyun ba tare da ya ci amanar na farkon ba.

Idan Senna ya cire hula, fim ɗin yakan koma wani abu daban, ya zama labarin mulki. Kaset ɗin tarurrukan direbobi kafin gasa su ne babbar ganimar da aka samo daga ma'ajiyar Ecclestone. Ga Jean-Marie Balestre, Bafaranshen da ke shugabantar hukumar tseren, da baƙin tabarau, yana buga tebur yana cewa shawarar da ta fi kowacce ita ce tasa. Ga Suzuka ta 1989, inda Prost da Senna suka sarƙe a 'yar karkatacciyar kwana, Senna ya sa aka tura shi, ya sauya hancin mota, ya wuce Alessandro Nannini ya zo na ɗaya, sannan aka soke nasarar saboda ya bi ta hanyar kauce wa haɗari, aka ci shi tarar dala 100,000 da dakatarwar wata shida ta jeka-ka-gyara-halinka. Ga taron shekarar da ta biyo, Nelson Piquet ya tayar da maganar wannan kwanar, direbobi suka yarda cewa abin da Senna ya yi bara shi ne mafi aminci, shi kuwa ya miƙe ya fice ransa a ɓace. Masu tace hoton sun jera waɗannan da gwaninta, har wanda bai san komai game da mota ba zai ji jininsa yana tafasa.

A nan kuma babban laifin fim ɗin yake. Don labari ya yi daɗi ana bukatar mugu, sai aka ɗora wa Prost rigar. Mutumin da ya ci kambun duniya sau huɗu, a 1985 da 1986 da 1989 da 1993, ya ci gasa 51, an mai da shi ɗan siyasa mai raɓewa a gindin ɗan ƙasarsu Balestre. Abubuwan da Senna ya yi masa kuwa, kamar matse shi da ya yi zuwa bangon gareji a Estoril a 1988, da saɓanin alkawarin da ya raba su a Imola a 1989, da ƙyar za ka ji ɗuriyarsu. Karon Suzuka na 1990, inda Senna ya afka wa Ferrari ɗin Prost a kwanar farko cikin mugun gudu, an shimfiɗa masa uzuri tun kafin ya faru, da labarin yadda aka ajiye shi a gefen hanya mai datti duk da shi ya ci gurbin farko. Uzurin gaskiya ne, amma Senna da bakinsa ya amsa a 1991 cewa da niyya ya ƙi ɗaga ƙafa. Mutumin da ya fi kowa magana a kan tsaron direbobi ya taɓa saka ran abokin sana'arsa da nasa a caca, kuma fim ɗin da ya kalli wannan ido da ido da ya fi wannan girma. Tambayar da tsohon direba Jackie Stewart ya yi masa a kan yawan karon da yake yi tana ciki, amma an tsara ta yadda amsar Senna ce za ta yi nasara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sulhun nasu bai samu filin da ya cancanta ba. Bayan Prost ya yi ritaya a ƙarshen 1993, Senna ya riƙa kiransa a waya suna daɗewa suna hira, kamar yadda Prost ya sha faɗa. A ƙarshen makon Imola na 1994 ma, wanda ya zama na ƙarshe a rayuwarsa, Senna yana zagaya filin yana bayani daga cikin mota don gidan talabijin na TF1 na Faransa, inda Prost yake aikin sharhi, sai ya aika masa gaisuwa ta rediyon hula, ya kira shi abokinsa, ya ce ana kewarsa. Fim ɗin da ya san darajar murya daga cikin hula fiye da kowane, a nan ya kamata ya zauna ya daɗe. Prost ya fito fili ya ce bai ji daɗin yadda aka nuna shi ba, kuma yana da hujja. An dai nuna shi a wajen jana'izar Senna, inda yake cikin masu ɗaukar akwatin gawa.

Kashi na ƙarshe ba shi da na biyu. Tun daga Jerez a 1990 aka fara shirya mu, inda motar Lotus ta Martin Donnelly ta tarwatse, aka ga mutum yashe a tsakiyar kwalta da kujera ɗaure a bayansa, Senna ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya shiga mota ya ƙara gudu. Donnelly ya rayu. A 1994 an haramta na'urorin lantarki da ke daidaita mota, Williams ɗin da Senna ya koma ta zama doki mai tutsu, gasa biyu na farko bai kammala ko ɗaya ba. Sai Imola. Ranar Juma'a 29 ga Afrilu motar Rubens Barrichello ta tashi sama ta daki shinge, ya sha da ƙyar. Ranar Asabar fiffiken gaban motar Roland Ratzenberger, ɗan Ostiriya, ya karye, ya daki bango da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, gindin ƙoƙon kansa ya karye, rai ya yi halinsa. Kyamara tana kan Senna a gareji yana kallon allo, ya kawar da kai. Sid Watkins ya ba da labarin yadda ya ce masa ya bar wannan sana'a su tafi kamun kifi tare, Senna ya ce ba zai iya bari ba. Ranar Lahadi 1 ga Mayu, tun a wajen tashi Pedro Lamy ya daki motar JJ Lehto da ta mutu a layi, tarkace suka raunata 'yan kallo, motar tsaro ta ja su zagaye biyar a hankali. Da aka sake su, Kapadia ya shigar da mu cikin motar Senna ya bar mu a can. Muryoyin nan da suka raka mu tun farkon fim suka janye, sai kukan injin Renault, kwana bayan kwana, har zagaye na bakwai, har kwanar Tamburello.

Motar ta ƙi shan kwana, ta miƙe ta daki bangon kankare da gudun da ya haura kilomita 200 bayan ya taka birki. Tayar gaba ta dama ta ɓalle ta dawo ta bugi hular, wani ƙarfe daga cikin ƙafar tayar ya huda gilashin a saman idonsa na dama. A fim ɗin an faɗa cewa babu ƙashin da ya karye a sauran jikinsa, kuma da ƙarfen ya kauce da 'yan inci kaɗan sama ko ƙasa da ya taka da ƙafarsa ya koma gareji. Daga jirgi mai saukar ungulu ake ɗaukar hoton, hula rawaya ta ɗan motsa sau ɗaya. An tabbatar da rasuwarsa da yamma a asibitin Maggiore na Bologna, yana da shekara 34, da kambun duniya uku da nasara 41. A cikin motar aka tarar da tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don Ratzenberger. Birazil ta yi makokin kwana uku. Akwai wani abu da ya faru a wannan rana da ya shafi sadarwa kai tsaye: ana tsakiyar ceto, jirgi yana kan kwalta, aka yi kuskure aka saki Érik Comas daga gareji, ya taho da gudu sai da ya iso wajen ya yi tirjiya. Comas ɗin nan shi ne wanda Senna ya tsayar da motarsa ya ruga ya ceta a Spa a 1992, ya kashe masa injin ya tallafe masa kai har likita ya iso.

Kapadia ya ba wannan mutuwa mutuncinta, bai yi kasuwanci da jini ba, kuma muryar Watkins da ke bayyana numfashin ƙarshe ta ishi kowa. Amma ya karkata ga ƙaddara har ya yi wa sanadi rowa. Viviane ta ba da labarin yadda ƙaninta ya buɗe Littafi Mai Tsarki da safiyar ranar, an nuna damuwar da ke fuskarsa a layin tashi, komai yana nuna mutum ne da ya ji ajali yana kiransa. Mai imani ba zai yi musun ajali ba, sai dai ajali ba ya zuwa sai da sanadi, kuma bin sanadin ne yake ceton na baya. An ambaci zargin karyewar sandar sitiyari a gurguje aka wuce. Alhali shari'ar da aka yi a Italiya ta ɗauki shekaru, an wanke Frank Williams da Adrian Newey na ƙungiyar Williams, kuma a 2007 kotun ƙoli ta ƙasar ta tsaya a kan cewa sandar sitiyarin da aka yi wa gyara ce ta karye, ta ɗora alhakin sakaci a kan abokin aikinsu Patrick Head, ko da yake wa'adin hukunci ya riga ya wuce. Wasu masana har yau suna ganin iskar taya ce ta ragu a bayan motar tsaro, cikin motar ya daki ƙasa. Duk wannan ya faru kafin a fara nuna fim ɗin, kuma minti uku sun isa a faɗe shi.

Rubutun da aka rufe fim ɗin da shi ya ce an ɗora wa Watkins aikin gyara tsaro, kuma tun daga lokacin babu direban da ya sake mutuwa a Formula 1. Gaskiya ne a 2010. Ya daina zama gaskiya bayan Jules Bianchi ya daki motar da ke janye motocin da suka yi haɗari a Suzuka a watan Oktoban 2014, ya rasu a Yulin 2015. Amma aikin da aka yi a tsakani yana da yawa, kuma mafi yawansa a kan kai da wuya aka yi shi. An ɗaga gefen mazaunin direba a 1996, an ɗaure tayoyi da igiya a 1999 don kada su ɓalle su tashi, abin tallafar wuya na HANS, wanda aka ƙirƙira don irin karayar da ta kashe Ratzenberger, ya zama dole a 2003, hular FIA 8860 ta biyo a 2004. A Yulin 2009 wani sifirin da bai kai kilo ɗaya ba ya ɓalle daga motar Barrichello a Hangari ya daki Felipe Massa a saman idon hagu, kusan irin wurin da aka samu Senna, ya rayu ya dawo tsere. Daga nan aka ƙara wa saman gilashin wani ƙyalle mai tauri a 2011, sannan hular da ta zama dole a 2019 aka rage mata faɗin taga da milimita 10, ana kuma gwada goshinta da harbin ƙarfe mai giram 225 a gudun kilomita 250 a awa. Baka na ƙarfen titaniyam da aka kafa a saman direba a 2018, wanda da yawa suka ƙi saboda muni, shi ya raba Romain Grosjean da mutuwa a Bahrain a 2020. Hatta 'yan lasifikan kunne yanzu suna ɗauke da na'urar auna ƙarfin bugun da kai ya sha, likita ya karanta bayan haɗari.

Akwai wani dogon zubi na fim ɗin da ya fita a faifai, mai minti 162, inda aka dawo da fuskokin masu magana suna zaune ana hira da su. Wanda yake son ƙarin bayani, musamman ɓangaren Prost, zai samu a can, kuma an fi yi masa adalci. Amma duk lokacin da aka yanke daga kwalta zuwa kujera, zafin yana hucewa, ka koma mai sauraron tarihi. Shawarata a fara da gajeren, a ɗaki mai shiru, da abin sauraro mai kyau a kunne saboda rabin aikin a sauti yake, sannan a nemi dogon don a ji ta bakin Prost.